Allah yana gajiya da mai ƙinsa kuwa?

A cikin Kiristocin Arewa da neman abinci ya kawo Legas, akwai wani rukuni da ba a cika tunawa da shi ba idan ana ƙirga 'yan ekklesiya. Su ne waɗanda aka yi wa baftisma a gida, a Kagoro ko Billiri ko Langtang ko Garkida, suka yi waƙa a ƙungiyar matasa, sannan suka sauka a Agege ko Ojo ko Obalende suka daina taka ƙofar majami'a. Wasu aikin gadi ne ya fara cinye musu Lahadi har abin ya zama jiki, wasu kuma sun shiga irin zaman da suka san dattawan gida ba za su amince da shi ba, ko shaye-shaye, ko wata sana'ar da ba a faɗar sunanta. Idan wata 'yar zumuntar mata ta ci karo da irinsu ta ce ana sujada da Hausa a wuri kaza, amsar da ake yawan ji ba ta musun samuwar Allah ba ce. Abin da sukan ce shi ne, "Mama, ai ni Allah ya riga ya gaji da ni." Wannan 'yar magana tana ɗauke da cikakken ra'ayi game da halin Allah, kuma ya dace a auna ta da abin da bangaskiyar Kirista take koyarwa, maimakon a share ta da cewa ai Allah yana ƙaunar kowa.

Ba shi da wuya a gane inda tunanin ya samo asali. A zamanmu na mutane, haƙuri abu ne mai ma'auni. Kawun da ya sama wa ɗan ƙanwarsa aiki a Apapa, yaron ya ɓata, ya sake sama masa wani ya sake ɓatawa, a karo na uku zai ce tura ta kai bango, kuma babu wanda zai ga laifinsa. Mai ja da baya yakan ɗauki wannan ma'auni ya ɗora wa Allah, sai dai ya faɗaɗa shi: Allah ya fi kawu haƙuri nesa ba kusa ba, amma shi ma akwai ranar da nasa zai ƙare, kuma a ganin mutumin ranar ta riga ta wuce. Littafi Mai Tsarki ya saɓa wa wannan tun daga tushe, ko da yake ba ta hanyar da masu wa'azin kwantar da hankali suke so ba. Yana koyar da cewa ƙaunar Allah ba daga halin mutum ta taso ba, saboda haka halin mutum ba ya iya ƙarar da ita, yana kuma koyar da cewa mutum yana iya ƙin wannan ƙauna har ya hallaka yana ƙinta. Riƙe maganganun nan biyu a lokaci guda shi ne wuyar al'amarin, kuma yawancin kurakuran da ake yi a kan bagade suna faruwa ne idan an saki ɗaya aka rungumi ɗaya.

Wurin da Allah ya fi bayyana halinsa da bakinsa a Tsohon Alkawari shi ne Fitowa 34, inda ya gaya wa Musa cewa shi mai jinƙai ne, mai alheri, mai jinkirin fushi, mai yawan ƙauna da aminci, mai gafarta mugunta da laifi da zunubi, amma wanda ba ya kuɓutar da mai laifi kamar bai yi komai ba. Abin lura shi ne lokacin da aka faɗi wannan. Surori biyu kacal kafin nan, jama'ar da aka fitar daga bautar Masar, waɗanda suka yi alkawari za su yi duk abin da Ubangiji ya faɗa, sun tara 'yan kunnensu na zinariya, Haruna ya ƙera musu ɗan maraƙi, suka ce ga allahn da ya fito da su. Musa ya farfasa allunan dutse, mutum wajen 3,000 suka mutu a ranar. A kan wannan kufai ne aka sassaƙa sababbin alluna aka sabunta alkawarin. Ma'ana, bayanin jinƙan Allah mafi shahara ba a ba da shi ga masu biyayya a matsayin lada ba, an ba da shi ne ga mutanen da hayaƙin hadayarsu ga gunki bai gama washewa ba. Kuma hukunci yana nan a cikin bayanin, sai dai an auna shi da tsara uku zuwa huɗu, alhali an auna ƙaunar da dubbai.

Annabi Yusha'u ne ya fi kowa kai wannan magana can ciki, kuma a kansa ya kamata a daɗe. Ya yi annabci a mulkin Isra'ila ta arewa a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, tun daga zamanin wadata na Sarki Yerobowam na biyu har zuwa shekarun rikici da suka kai ga faɗuwar Samariya, babban birnin mulkin, a hannun Assuriyawa a shekarar 722. Allah ya umarce shi ya auri Gomer, macen da ba za ta riƙe masa amana ba, domin auren ya zama hoton abin da ke tsakanin Allah da jama'arsa. Sunayen 'ya'yan ma hukunci ne: aka sa wa 'yar suna mai nuna cewa ba za a ji tausayinta ba, aka sa wa ƙaramin ɗan suna mai nuna cewa su ba jama'ar Allah ba ne. Duk wanda ya tsaya a nan zai ce lallai an gaji, an yanke zumunci. Amma kafin a fita daga sura ta 2 an juya sunayen biyu, a sura ta 3 kuma an ce wa annabin ya koma ya ƙaunaci matar, har ya biya azurfa 15 da sha'ir ya dawo da ita gida. A al'adarmu, kamar a tasu, namijin da ya bi matar da ta ci amanarsa har ya biya kuɗi ya maido ta, mutane ba za su yaba masa ba, za su ce ba shi da zuciya. Littafin ya san da wannan abin kunya, kuma da gangan ya ɗora shi a kan Allah.

A sura ta 11 hoton ya koma na uba da ɗa. Allah yana tuna yadda ya kira Isra'ila daga Masar tun yana yaro, yadda ya koya wa Ifraimu, wato Isra'ila ta arewa, tafiya, ya ɗauke shi a hannu, ya sunkuya ya ba shi abinci, amma duk yadda aka kira su sai su ƙara nisa. Hukunci ya tabbata, Assuriya za ta mallake su. Sai kuma magana ta karye a tsakiya, Allah yana tambayar kansa yadda zai iya rabuwa da Ifraimu, yadda zai mai da shi kamar Adma da Zeboyim, garuruwan da suka hallaka tare da Saduma. Dalilin da ya bayar na ƙin shafe su gaba ɗaya, a aya ta 9, shi ne amsar da ta fi dacewa da maganar mai cewa Allah ya gaji da shi: shi Allah ne, ba mutum ba. Da mu ne muke rubutawa, da mun ce tsarkin Allah shi ne dalilin da zai sa ya hallaka su. Annabin ya ce kasancewarsa Mai Tsarki a tsakiyarsu shi ne dalilin da ya sa ba zai yi abin da ɗan Adam mai ɓacin rai zai yi ba. Babu inda aka ambaci tuban Isra'ila a matsayin sanadin wannan juyi, domin a lokacin ba su tuba ba tukuna.

Duk da haka Samariya ta faɗi, an kwashe mutane zuwa bauta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne da za a tsallake. Ƙaunar da Yusha'u yake magana a kai ba ta ɗauke sakamakon zunubi ba. Abin da ta yi shi ne ta hana sakamakon ya zama magana ta ƙarshe. Mutumin da shaye-shaye ya lalata masa hanta, ko wanda rashin amana ya watsa masa gida, ba a yi masa alkawari cewa tuba zai maido masa da abin da ya tafi ba. Alkawarin da yake da shi shi ne cewa Allah bai juya masa baya ba, kuma masu wa'azi da suke haɗa alkawuran nan biyu su mai da su ɗaya suna shirya wa mutane wata sabuwar yanke ƙauna ne a gaba.

Sabon Alkawari bai sassauta labarin ƙin ba, ƙara masa nauyi ya yi. A misalin manoman gonar inabi, a Markus 12, mai gona ya aika bawa aka doke shi, ya aika wani aka raunata shi, ya aika wani aka kashe, ya ci gaba da aikawa har ya rage masa ɗansa ɗaya ƙaunatacce, shi ma ya aika. Babu ɗan kasuwar Mile 12 da zai ji wannan ya ce mai gonar ya yi dabara, kuma misalin bai nemi a ce ya yi ba. A Matiyu 23:37 Yesu ya yi kuka a kan Urushalima mai kashe annabawa, ya ce sau da yawa ya so ya tattara 'ya'yanta, amma sun ƙi. A kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne umarnin da ya bayar bayan tashinsa, a Luka 24:47, cewa a yi shelar tuba da gafarar zunubai ga dukan al'ummai, a fara daga Urushalima. Garin da ya ƙi shi shi ne aka sa a gaba a layi. Manzo Bulus ya taƙaita wannan a Romawa 5:8, inda ya ce Allah ya tabbatar da ƙaunarsa gare mu da yake tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, ayoyi biyu bayan haka kuma ya kira mu maƙiya a lokacin da aka sulhunta mu. A nan ne bangaskiyar Kirista take ba da amsar tambayar da Fitowa 34 ta bari a buɗe, wato yadda Allah zai gafarta laifi ba tare da ya mai da laifi ba komai ba: ya ɗauki nauyin ƙin a kansa. Gafarar kyauta ce ga mai karɓa, amma mai bayarwa ya biya ta da tsada.

Misalin ɗan da ya ɓata, a Luka 15, ya zama abin da kowa ya haddace har ba a ƙara jin kaifinsa, amma akwai abubuwa a cikinsa da suka shafi batunmu kai tsaye. Makiyayin da ke farkon surar ya bi tunkiyarsa daji, macen ta share ɗaki har ta sami kuɗinta, amma uban bai bi ɗan zuwa ƙasa mai nisa ba. Ya raba masa gado, ya bar shi ya tafi, domin mutum ba a ɗaukarsa a kafaɗa a maido shi dole. Da yaron ya komo, ya zo da shiryayyen jawabi wanda ƙarshensa shi ne a mai da shi ɗaya daga cikin ma'aikatan gida, wato ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa matsayin ɗa ya ƙare, saura na ɗan ƙodago. Uban bai bari ya kai wannan jimla ba, ya sa aka kawo riga da zobe da takalmi. Sannan uban ya sake fita karo na biyu, wannan karon wurin babban ɗan da ya tsaya a waje yana fushi, yana lallashinsa ya shigo. Labarin ya ƙare ba a faɗi ko ya shiga ba, kuma dalilin a fili yake idan aka tuna cewa Farisiyawa da malaman Attaura masu gunaguni ne ake ba wa misalin. Akwai ƙin ƙaunar Allah irin na wanda ya bar gida, akwai kuma irin na wanda bai taɓa fashin sujada ba amma yana ganin karɓar ɗan'uwansa rashin adalci ne. Annabi Yunusa na wannan rukuni na biyu ne: da Allah ya yafe wa Nineba, ya maimaita kalmomin Fitowa 34 a matsayin ƙorafi, ya ce abin da ya sa ya gudu ke nan tun farko.

To, idan haka ne, babu iyaka ke nan? A nan ne ake bukatar taka-tsantsan, domin Littafi Mai Tsarki yana da ayoyi masu tsanani da ba za a ɓoye ba. Littafin Tarihi na biyu, 36:15-16, ya ce Allah ya yi ta aiko da manzanninsa saboda tausayin jama'arsa, su kuma suka yi ta yi musu ba'a har aka kai inda babu sauran magani. Romawa 1 ta maimaita har sau uku cewa Allah ya sallama mutane ga abin da zuciyarsu take so. Wasiƙar Ibraniyawa tana ta nanata kalmar "yau", tana gargaɗi kada a taurare zuciya. Idan aka duba waɗannan wurare da kyau, za a ga cewa abin da yake ƙarewa ba ƙaunar Allah ba ce. Lokacin mutum ne yake ƙarewa, da kuma taushin zuciyar da ake jin kira da shi, domin ƙi idan ya daɗe yakan zama hali, har mutum ya daina son abin da ake miƙa masa. Markus 10 ya nuna wannan a taƙaice: Yesu ya dubi wani mai arziki ya ƙaunace shi, ya ce masa ya sayar da abin da ya mallaka ya ba matalauta ya bi shi, mutumin ya tafi da baƙin ciki, Yesu kuma bai rage sharaɗin don ya tsayar da shi ba. Haka kuma Romawa 2:4 ta ce alherin Allah da haƙurinsa suna jawo mutum ne zuwa ga tuba, saboda haka wanda ya ɗauki jinkirin hukunci a matsayin izini ya yi wa jinkirin mummunar fassara.

Yadda nufin Allah da zaɓin mutum suke haɗuwa a wannan wuri tsohuwar muhawara ce, kuma majami'un da 'yan Arewa suke halarta a Legas sun gaji ɓangarorinta daban-daban. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 430, ya yi jayayya da Pelagiyus cewa mutum ba ya iya ko juyowa wurin Allah sai alheri ya riga ya taɓa shi. Taron Dort na 1618 zuwa 1619, wanda majami'un da suka bi koyarwar Kalbin suke riƙe da shi, ya ce alherin da ke ceton zaɓaɓɓu yana cin nasara a kan taurin zuciya, kuma wanda Allah ya kama ba ya ɓata har abada. Mabiya Arminiyus, da Jon Wesli da Metodis a bayansu, sun ce alheri yana riga kowa zuwa, yana ba shi ikon amsawa, amma ana iya ture shi. Wanda ya taso a CRCN ta Takum, majami'ar da ke bin koyarwar Kalbin, da wanda ya taso a Metodis ta Jalingo za su iya kwana suna wannan gardama a Ikeja ba su gama ba. Amma duka ɓangarorin sun yarda cewa Allah ne yake fara nema, sun kuma yarda cewa ba kowa ne zai tsira ba tare da la'akari da amsarsa ba. Dokta Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya taɓa zama babban sakataren ECWA, ya ba da ƙarfinsa sosai kafin rasuwarsa a 1975 wajen yaƙar ra'ayin cewa a ƙarshe kowa zai sami ceto, kuma tasirinsa yana nan a yadda ake koyar da fastoci a Arewa. A nawa ganin gargaɗinsa daidai ne, sai dai wasu daga cikin magadansa sun riƙe gargaɗin da hannu biyu har sun saki albishirin da aka yi gargaɗin domin a kare shi.

Ga wanda yake cewa Allah ya gaji da shi, labarin Bitrus da Yahuza ya fi dukan wannan muhawara amfani. A dare ɗaya suka ci amanar Ubangijinsu, ɗaya ya sayar da shi a kan azurfa 30, ɗaya ya yi musunsa har sau uku. Dukansu sun yi nadama: Bitrus ya yi kuka mai zafi, Yahuza kuma ya mayar da kuɗin ya furta da bakinsa cewa ya ba da marar laifi. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne inda kowanne ya kai nadamarsa. Yahuza ya kai tasa wurin manyan firistoci, suka ce ba ruwansu, ya yanke wa kansa hukunci ya rataye kansa. Bitrus ya zauna tare da almajirai da kunyarsa, har saƙon safiyar tashin ya zo da sunansa a ciki, a Markus 16:7, har kuma a bakin tekun Galili aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunar Yesu, aka damƙa masa kiwon tumaki. Yanke ƙauna yakan zo da kamar tawali'u, amma a cikinsa akwai wani irin girman kai, domin mai yinsa yana cewa zunubinsa ya fi ƙarfin abin da aka yi a kan gicciye. Fastoci masu hikima sun daɗe suna gaya wa waɗanda suke tsoron sun yi saɓon Ruhu Mai Tsarki, zunubin da Yesu ya ce ba a gafarta shi, cewa tsoron nan kansa shaida ce ta zuciyar da ba ta mutu ba.

Akwai kuma waɗanda ba jin daɗin duniya ne ya raba su da majami'a ba. Daga shekarar 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye Gwoza da Michika da Mubi, har hedikwatar majami'ar EYN da ke Kwarhi ta faɗa hannunsu, mutane da yawa sun watsu zuwa garuruwan kudu, Legas na ciki. A cikinsu akwai wanda zai ce maka shi bai ƙi Allah ba, Allah ne ya fara ƙinsa ranar da aka ƙone gidansu aka kashe mahaifinsa. Karanta wa irin wannan mutum misalin ɗan da ya ɓata zalunci ne, domin bai karɓi gado ya tafi shashanci ba. Littafin da ya dace da shi shi ne Makoki, wanda aka rubuta a kan rushewar Urushalima a hannun Babilawa a shekarar 586 kafin haihuwar Almasihu. Mai maganar a sura ta 3 ya zargi Allah da toshe masa hanya da ƙin jin addu'arsa, ya yi ayoyi kusan 20 yana wannan, kafin ya kai ga cewa jinƙan Ubangiji ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya. Mukan rera ƙarshen mu tsallake farkon. Kasancewar farkon a cikin Littafi Mai Tsarki yana nuna cewa fushin mai baƙin ciki ba ya cikin abin da yake korar mutum daga gaban Allah.

Dole a faɗi wasu hanyoyi biyu da ake karkatar da wannan koyarwa, ko da a gurguje. A gari kamar Legas, inda allunan tallar majami'u suke alkawarin buɗi da ɗaukaka a kowace mahaɗa, an koya wa mutane su auna ƙaunar Allah da abin da ke aljihunsu, har ɗan acaɓan da aka kama wa babur ya ɗauka alamar fushin sama ce. Yesu ya ce Uba yana fito da ranarsa a kan miyagu da nagari, yana aiko da ruwa ga masu adalci da marasa adalci, saboda haka samu da rashi ba su ne ma'aunin ba. Hanya ta biyu ta fi muni: a ɗauki labarin Yusha'u a gaya wa macen da mijinta yake duka cewa ta ci gaba da haƙuri kamar yadda Allah yake haƙuri da mu. A labarin, mai ƙarfi ne yake sunkuyawa ya ɗauki asara saboda marar ƙarfi, kuma juya shi a ɗora wa wadda ake zalunta nauyi cin amanar nassin ne.

Abin da ya rage shi ne yadda ekklesiya take nuna wannan hali na Allah a aikace, kuma tambayar ba sabuwa ba ce a Afirka. A shekarar 250 Sarki Desiyus na Roma ya umarci kowa ya miƙa hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida, Kiristoci masu yawa kuma suka yi, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Da tsanani ya lafa suka dawo suna neman a karɓe su. Nobatiyan a Roma ya ce ekklesiya ba ta da ikon sake karɓar wanda ya yi musun Almasihu, wasu kuma a Kartej, a ƙasar Tunisiya ta yau, suna so a karɓi kowa nan take ba tare da wani bincike ba. Bishop Sifiriyan na Kartej da taron bishop-bishop na shekarar 251 suka bi tsakiya: a duba laifin kowa, a ba shi lokacin tuba, a kuma bar hanyar komowa a buɗe. Wannan matsayi ne ekklesiya ta riƙe, ra'ayin Nobatiyan kuma aka lissafa shi cikin ɓata.

Majami'unmu na Hausa suna da horo, kuma ba na cikin masu cewa a soke shi. Wanda aka sa a ƙarƙashin horo yakan koma bencin baya, a hana shi Jibin Ubangiji da riƙe muƙami, kuma idan an yi shi da gaskiya yana gaya wa jama'a cewa zunubi ba wasa ba ne. Matsalar ita ce sau da yawa ana sanar da ranar da horo ya fara a gaban kowa, amma ba a faɗi abin da zai kawo ƙarshensa ba, kuma yarinyar da cikinta ya fito takan ɗauki nauyin da namijin da ya yi cikin bai ɗauka ba. A ƙauye mutum ba shi da inda za shi, dole ya zauna har a maido shi. A Legas kuwa yana shiga motar Oshodi ya ɓace, babu wanda zai sake ganinsa, sai ya tafi da tabbacin cewa abin da dattawa suka yi shi ne abin da Allah ya yi. Bulus, wanda ya umarci Korintiyawa su fitar da mai laifi daga cikinsu, shi ne kuma ya rubuta musu a wasiƙarsa ta biyu, 2:6-8, game da wani da aka hora, cewa horon ya isa, su yafe masa su ƙarfafa shi kada baƙin ciki ya sha kansa, su kuma tabbatar masa da ƙaunarsu. Ana iya yin wannan da abubuwa masu sauƙi: a gaya wa mutum tun ranar farko abin da ake jira daga gare shi da lokacin da za a sake zama a kan maganarsa, a ba wani dattijo ko wata uwa a zumunta alhakin ziyartarsa a inda yake kwana, kuma ranar da za a maido shi a sanar da ita daga kan bagaden da aka sanar da horonsa, a gaban mutanen da suka ji sanarwar farko.